Gashin 'yata na zubewa, ta sayo mai a TikTok ba da sanina ba: amsar likitan fata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da 'ya mai shekara 14. Kusan shekara guda ke nan gashin gaban goshinta yana ja da baya. Kwanan nan na tsinci wata kwalbar mai a jakar makarantarta, ashe tallarsa ta gani a TikTok ta sa aka kawo mata, ba ta gaya min ba. Yanzu ƙuraje sun feso a wurin. Ni ma wata 4 ke nan da haihuwa, gashina sai zuba yake, maigidan kuma sanƙo ya fara taɓa shi. Wane magani za mu saya? Wayar yarinyar kuma fa, yaya zan yi da ita? Babanta ya ce a ƙwace kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya abin da aka samu.

Kafin komai, a dakatar da man nan yau, a wanke kan yarinyar da sabulu mara ƙarfi, amma kada ki jefar da kwalbar. Ki tafi da ita asibiti, domin likita zai so ya ga abin da aka rubuta a jikinta. Sannan ki sani mutum uku kika lissafa min, kuma bisa bayaninki kowa da irin matsalarsa. Abin da ke cin gashin 'yarki daban, naki daban, na maigida daban. Duk wanda ya ce yana da kwalba ɗaya da za ta yi muku ku ukun, kuɗinki yake so.

Bari in fara da yarinyar, don ita ce lokaci zai iya ƙure wa.

Idan gashin budurwa ya riƙa ja da baya daga goshi da saman kunnuwa, abin da na fara zargi shi ne ɗaurewar kitso. Ki zaunar da ita a gabanki da rana, ki zame ɗankwalin, ki duba da kyau. Sau da yawa za ki ga wani siririn layin gashi ƙanana ya rage a can bakin goshi, bayansa kuma fili, sai gashi ya sake farawa. Waɗannan ƙananan sun tsira ne saboda hannun mai kitso bai iya kamo su ba. Na bayansu da ake kamowa a ja su, su ne suka tafi. Ki tambaye ta: in an gama mata kitso, kanta yana ciwo? Tana kasa kwanciya a daren farko? Ƙananan ƙuraje suna fitowa a gindin kitson? In amsar e ce, to an ja fiye da kima. Mun saba cewa kitso in bai ɗaure ba ba ya daɗewa, har wasu matan suna shan maganin ciwon kai bayan sun baro gidan kitso, suna ganin al'ada ce. Wannan ciwon saiwar gashi ce ke kuka. Shuku da aka tattare sama aka ɗame, ƙananan kalaba da ake bari wata biyu ba a tsefe ba, ƙarin gashi mai nauyi, ribom ɗin roba da ake ɗaure gashi da shi tamau a ƙarƙashin hijabi tun safe har dare, duk suna jan wuri ɗaya kullum. Idan kuma an shafa rilaksa sannan aka ɗora matsattsen kitso a kai, ɓarnar ta fi yawa, don gashin ya riga ya yi rauni.

Abin da ya sa na ce lokaci zai iya ƙurewa shi ne, a farko saiwar tana nan da rai. In an saki jan, gashi yana dawowa cikin watanni. Amma in aka yi shekaru ana ja, saiwar takan mutu, tabo ya maye gurbinta, fatar wurin ta yi sumul tana sheƙi. Daga nan babu mai, babu ƙwaya, babu allurar da za ta sake tsirar da gashi a wurin. Shekara guda a yarinya mai 14, akwai kyakkyawan fata sosai. Don haka maganinta na farko ba na saye ba ne. A tsefe kan, a bar shi ya huta makonni. In za a koma kitso, a yi manya, sakakku, a bar gashin gaba kada a kama shi, a riƙa sauya hannun kitson, kada ya wuce mako 2 zuwa 3 a kai. A ajiye rilaksa. Ki je gidan mai kitson da kanki ki faɗa mata, domin yarinya ba za ta iya ce wa babba "sassauta" ba.

Duk da haka ban ga kan da idona ba, kuma akwai abubuwa da suke kama da wannan. Akwai makero, wanda ya yi yawa a tsakanin 'yan makaranta, musamman na kwana, inda ake aron mataji da ɗankwali, maza kuma ana yi musu aski da kilifa ɗaya. Shi za ki ga wurin yana ɓarɓashi kamar amosani, gashin ya kakkarye ya bar ɗigo-ɗigo baƙaƙe, wani lokacin da kaluluwa a wuya. Makeron kai ba ya jin man shafawa, domin ƙwayar cutar tana cikin gashin ne har saiwa. Sai an sha magani, irin su griseofulvin na mako 6 zuwa 8 ko terbinafine na kusan mako 4, gwargwadon nauyin yaro, kuma likita ne zai auna. Akwai kuma wata cuta da gashi ke zubewa a zagaye kamar an ɗora kwabo an aske, fatar sumul ba ƙaiƙayi. Mutane kan ce aljanu ne suka yi aski ko sammu ne. Alhali garkuwar jiki ce ta juya kan saiwar gashi, sau da yawa yana dawowa da kansa, wani lokacin kuma likita yakan yi ƙananan allurai a wurin. Akwai ma yaran da damuwa ke sa su tsige gashinsu da kansu ba su sani ba. Shi ya sa nake so likitan fata ya gan ta. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da masu duba fata. Ƙurajen nan kuma, in suna fitar da ruwa ko mugunya, ko wurin ya kumbura, kada ki jira mako ya zagayo.

Naki, Hajiya, ki kwantar da hankali. Kan mutum yana da gashi kusan 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Kowane gashi yakan yi shekaru yana tsawo, sannan ya huta kusan wata 3, ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Lokacin goyon ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa mai ciki kan ga kanta ya cika. Bayan haihuwa sai duk wanda aka riƙe ya tafi hutu a lokaci ɗaya, wata 2 zuwa 4 ya zubo tare. Kina daidai ganiyar abin ne yanzu. Yawanci kafin jariri ya cika shekara kan ya koma yadda yake. Irin wannan yana faruwa ma bayan zazzaɓi mai tsanani kamar taifot, ko tiyata, ko rama ta gaggawa.

Abu biyu zan so a duba miki. Na farko jini, kuma ba yawan jinin kaɗai ba, a yi gwajin feritin, wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki. Mace tana iya kasancewa ba ta yi fari fat ba amma ajiyarta ta ƙare, musamman mai haihuwa kusa-kusa ko wadda ta zubar da jini da yawa. Na biyu gwajin tayirod, wato ƙullin nan na maƙogwaro, domin yakan rikice wa wasu matan bayan haihuwa, ya zo da kasala ko bugun zuciya ko jin sanyi. In an sami ƙarancin ƙarfe, a sha maganin ƙarin jini na tsawon da likita ya ce, a ci hanta, nama, wake, ƙwai, zogale da alayyafo. In gwajin ya fito lafiya, haƙuri ne maganin, tare da sakakken kitso. Kada ki sha ƙwayoyin "ƙarin gashi" da ake tallatawa. Galibinsu biotin ne, wani nau'in bitamin wanda da wuya a sami mai ƙarancinsa, kuma tun 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa shan sa da yawa yana ɓata sakamakon wasu gwaje-gwajen jini. Na tayirod ɗin da nake so a yi miki yana cikin waɗanda yake rikitawa. Sai dai in kin lura tsakiyar kanki ne ke faɗaɗa, yana zafi ko ƙaiƙayi, yana bazuwa a zagaye, wannan wata cuta ce dabam da ta fi kama mata baƙar fata kuma tana barin tabo. Ita ba a jira da ita.

Na maigida shi ne sanƙo na gado. Wani sinadarin maza ne ke sa saiwar gashin gaba da na tsakiyar kai ta riƙa ƙanƙancewa, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har ya daina. Hula ba ta kawo shi, yawan tunani ba ya kawo shi, kuma gadon yana iya zuwa ta wajen uwa ko ta wajen uba. A nan ne ake da magunguna guda biyu da aka daɗe ana gwadawa.

Na farko minoxidil, ruwa ko kumfa da ake shafawa a fatar kai. Asalinsa maganin hawan jini ne da ake sha, sai aka lura masu shan sa gashi yana fito musu, aka mai da shi na shafawa, Amurka ta amince da shi a 1988. Ana samun mai ƙarfin kashi 2 da mai kashi 5 cikin 100. Na biyu finasteride, ƙwayar miligiram 1 a rana, da aka amince da ita don sanƙon maza a 1997, aikinta rage wancan sinadarin. Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Ba a ganin amfaninsu sai an yi wata 4 zuwa 6, cikakken sakamako kuma sai wajen shekara. A makonnin farko na minoxidil zubar takan ƙaru kafin ta lafa, a nan mutane da yawa ke tsorata su bari. Sun fi ƙarfi wajen riƙe gashin da ya rage fiye da dawo da wanda ya daɗe da tafiya. Kuma ranar da aka daina, cikin watanni kai zai koma inda da zai kai ba a yi komai ba. Wato kuɗi ne na kowane wata har illa masha Allahu, sai maigida ya yi lissafi tukuna. Finasteride yana rage sha'awa ko ƙarfin namiji ga kaɗan daga masu sha, wasu kuma sukan ji damuwa ta sauko musu, kuma yana rage sakamakon gwajin ƙullin mafitsarar maza da kusan rabi, don haka dole likita ya san ana shan sa. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya a yi, ɗebo gashin ƙeya ake yi a dasa a gaba. Ba ya tsayar da sanƙon, kuma mai fatar da ke yin tabo mai tudu sai ya yi hattara. Namijin da ya zaɓi ya aske kansa ƙwal ya ɗora hularsa bai yi asarar lafiya ko kaɗan ba, ni ina ganin zaɓi ne mai kyau.

Tunda akwai jariri a gidan, ki riƙe wannan da kyau. Ke mai shayarwa kada ki shafa minoxidil, mai ciki ma haka. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta sha finasteride, kada ma ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa, domin yana iya lahanta halittar ɗa namiji a ciki. In maigida zai shafa minoxidil, ya wanke hannu, ya bari ya bushe kafin ya ɗauki jariri ko ya kwanta a matashin da jaririn ke taɓawa. A ɓoye kwalbar, don yaro in ya kurɓi maganin, ƙarfin bugun jininsa zai iya sauka ƙasa sosai. Guba ce kuma ga mage. 'Yarki mai 14 ba za ta yi amfani da shi ba sai in likita ne ya rubuta.

To man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun, karkashi, da garin chebe na matan Chadi fa? Ba na raina su. Suna tausasa gashi, suna hana shi bushewa da karyewa, musamman da hunturu, kuma gashin da ba ya karyewa dole tsawonsa ya bayyana. Amma ba sa tayar da saiwar da ta mutu, ba sa kashe makero, ba sa tsayar da sanƙo. Gashi yana tsawon kusan santimita 1 ne a wata, namu na baƙar fata ma bai cika kaiwa haka ba. Duk bidiyon da ya nuna miki fili a ranar Litinin, sumar da ta sauko kafaɗa bayan mako 2, ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya fi damuna shi ne kwalaben da ake haɗawa a ɗaki, ba sunan abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Wasu akan zuba musu sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi, don ƙaiƙayi ya lafa nan take mai saye ya ce yana aiki, alhali yana sirantar da fata, in kuma makero ne sai ya ƙara bazuwa. Wasu kuma mayuka ne masu zafi da ke ƙona fata. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Yanzu batun waya. Ina fahimtar fushin babanta, amma ban goyi bayan ƙwacewa kawai a yi shiru ba. Ki duba yadda abin ya faru. Yarinya ta yi shekara tana kallon goshinta yana faɗaɗa, wataƙila ƙawaye suna tsokanarta, kunya ta hana ta zuwa wurinki. Ta rubuta matsalarta a waya, TikTok kuma an gina shi ne ya riƙa turo wa mutum irin abin da ya tsaya ya kalla, sai tallan mai ya yi ta biyo ta. In aka ƙwace wayar da faɗa, darasin da za ta ɗauka shi ne ta ƙara ɓoyewa, kuma wayar ƙawa tana nan a makaranta. Gobe in matsalar ta fi ta gashi girma, ba za ki ji ba. Ki fara da cewa kin ga gashin, ba laifinta ba ne, za ku je asibiti tare. Bayan ta sake, sai ki yi tambayoyin da suka fi muhimmanci: da wa ta yi magana? Ta ba shi lambarta ko kwatancen gida ko na makaranta? Ta tura hotonta? Da wane kuɗi ta biya, ta asusun wa, ko wurin mai POS ta je? Wa ya kawo, a ina suka haɗu? Waɗannan sun fi tayar min da hankali fiye da man kansa, domin baƙo ya isa ga 'yarki har hannu da hannu ba ki sani ba.

Daga nan sai a kafa doka a fili, ke da babanta da ita a zaune. Idan wayar Android ce, Google yana da manhaja kyauta mai suna Family Link. Kina haɗa wayarki da tata, ki ga manhajojin da take buɗewa da tsawon lokacin da take yi a kowace, ki sa sai da izininki za ta sauke sabuwa, ki sa wayar ta kulle da dare. A iPhone akwai irinsa mai suna Screen Time. TikTok yana da Family Pairing, inda za ki iya ƙayyade lokaci, ki rufe saƙon sirri, ki tace abin da take nema. Instagram ma tun 2024 ya fito da asusu na musamman ga matasa. Amma duk kariyar da kamfanonin nan suka yi wa yara tana aiki ne in an rubuta shekarun gaskiya. Ƙa'idarsu shekara 13 ce mafi ƙaranci, kuma a TikTok wanda bai kai 16 ba ba a buɗe masa saƙon sirri. Yara da yawa sukan rubuta 20 ko 25 wajen buɗe asusu, sai duk wannan ya faɗi. Ki duba ranar haihuwar da ta sa. A WhatsApp ki gyara saitin yadda sai wanda ke cikin lambobinta ne zai iya jefa ta a zaure. Ki sani kuma Family Link ba ya nuna miki abin da ake rubutawa a WhatsApp.

Ban ba ki shawarar manhajojin leƙen asiri da ake sakawa a ɓoye ba. Da yawansu su kansu ɓarayin bayanai ne, ranar da ta gano kuma yarda ta rushe. Gara ta sani cewa kin san lambar buɗe wayar, kuma za ki ɗauka ki duba a gabanta lokaci-lokaci. Dokar da na ga ta fi kowace amfani ba ta buƙatar manhaja: waya ba ta kwana a ɗakin yara. Ƙarfe 9 ta yi, kowa ya kawo tasa falo ko ɗakinki a sa caji. Datar dare mai araha ita ce ke cinye barcin yara, alhali mai shekarunta tana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma sau da yawa hirar da ba ta dace ba a wannan lokacin ake yin ta. Kada a bar katin banki a haɗe da wayarta, ki koya mata cewa lambar sirri da banki ke turowa ba a ba kowa.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da dole ki yi da ita, da yayyenta ko ƙannenta maza in suna da waya. Akwai masu yaudarar yara su turo hoton tsiraici, sannan su yi barazanar yaɗawa in ba a biya su ba. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Instagram da WhatsApp, ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan. Ki ce mata a sarari: in wani ya taɓa neman hoto ko ya yi mata barazana, kada ta biya, kada ta goge saƙonnin, ta zo wurinki, kuma ba za a dake ta ba. Ki tabbata babanta ma ya amince da wannan alkawarin kafin ki yi shi.

Ranar zuwa asibiti ki tafi da kwalbar, kanta a tsefe ba mai a kai, ki ɗauki hoton goshin a hasken rana yau don a kwatanta bayan wata 3. Ke ma ki nemi a rubuta miki gwajin feritin da na tayirod a wannan zuwan. Allah ya ba ta lafiya.